Idan Mai Kimanta Gida Ya Yi Kuskure a Rancen da Gwamnatin Amurka Ta Tsaya Wa, Wa Zai Biya?

A Amurka, wanda zai sayi gida da rancen da gwamnatin tarayya ta tsaya wa ba ya karɓar kuɗin sai wani ƙwararre mai lasisi ya je gidan, ya auna shi, ya duba yanayinsa, ya gwada shi da makamantansa da aka sayar kwanan baya a unguwar, sannan ya rubuta rahoton da ke cewa kimarsa kaza ce. Mai saye ne ke biyan ladan wannan aiki, wanda galibi 'yan ɗaruruwan daloli ne, kuma sunansa na rubuce a shafin farko na rahoton. Saboda haka yawancin masu saye sukan ɗauka cewa domin su aka yi aikin, kuma idan daga baya ta bayyana an zuzuta kimar gidan, ko rufin na yoyo, ko harsashin ginin ya tsage, akwai wanda za su riƙe. Dokokin ƙasar da hukunce-hukuncen kotunanta sun tsara lamarin ta wata fuska dabam. Alhakin mai kimantawa yana da nauyi ƙwarai idan gwamnati ko banki ne suka yi asara, yana kuma da rauni idan asarar ta faɗa kan mai saye, alhali shi ne ya biya kuɗin aikin, shi ne kuma zai zauna a cikin gidan.

Hukumomi uku ne ke gudanar da irin wannan rance. Hukumar gidaje ta tarayya, FHA, wadda aka kafa a 1934 lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe, ba ta ba da rance da kanta. Inshora take yi wa bankin da ya bayar, ta yadda idan mai bashi ya kasa biya har aka ƙwace gidan aka sayar, hukumar za ta cike wa bankin giɓin da ya rage. Tun 1965 tana ƙarƙashin ma'aikatar gidaje da raya birane, HUD. Ma'aikatar tsofaffin sojoji, VA, ta soma tsaya wa 'yan mazan jiya a 1944, kuma a bisa al'ada kusan rubu'in rancen take lamuncewa. Ma'aikatar aikin gona ita ma tana da nata shirin domin mazauna karkara. Abin da ya haɗa su shi ne ƙanƙantar kafin alƙalami: a FHA kashi 3.5 cikin ɗari na farashin gida ya isa, a sauran biyun kuwa ana iya saye ba tare da an ajiye ko sisi ba.

Wannan ƙanƙanta ce ta sa kuskuren kimantawa ya fi yin ɓarna a nan. A ɗauki misalin gidan da aka yi cinikinsa a kan dala 300,000. Mai saye ya ajiye dala 10,500, banki ya ba da 289,500, aka kuma ɗora masa kuɗin inshorar FHA na kashi 1.75 cikin ɗari a kan bashin. Idan ainihin kimar gidan dala 270,000 ce, to tun ranar da aka miƙa masa makulli bashin da ke wuyansa ya fi gidan daraja da sama da dala 20,000. Ba zai iya sayarwa ya biya bashin ba, ba zai iya sauya rancen cikin sauƙi ba, kuma da zarar aiki ya kuɓuce masa ko ciwo ya kwantar da shi, gidan ya tafi. Asusun inshorar FHA ne zai biya bankin, kuma asusun ba rijiya ba ce marar ƙarewa: a 2013, bayan rugujewar kasuwar gidaje, sai da ya karɓi dala biliyan 1.7 daga baitulmalin ƙasa, karo na farko a tarihinsa.

Shari'ar da ta aza harsashin wannan fage ita ce ta iyalin Neustadt da gwamnatin Amurka, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1961. Miji da mata sun sayi gida a garin Alexandria na jihar Virginia a kan dala 24,000, bayan an nuna musu takardar da ke cewa ma'aikacin FHA ya kimanta shi a kan dala 22,750. Ba su daɗe da tarewa ba bango da silin suka fara tsagewa, bincike kuma ya nuna cewa ƙasar da aka yi ginin a kanta yumɓu ce mai riƙe ruwa, harsashin yana motsi. Kotun farko ta ga sakaci a aikin ma'aikacin, ta ba su diyyar dala 8,000, kotun ɗaukaka ƙara ma ta amince. Kotun Ƙoli ta soke hukuncin bisa dalilai biyu. Na farko, dokar da ta ba 'yan ƙasa damar ƙarar gwamnati kan sakacin ma'aikatanta ta keɓe duk wata ƙara da ta taso daga ba da bayanin da ba daidai ba, ko da gangan aka yi ko cikin sakaci. Na biyu, kotun ta ce manufar farko ta kimantawar FHA ita ce kare dukiyar gwamnati, amfanin da mai saye ke samu kuwa na gefe ne. A 1983, a shari'ar wata mata mai suna Neal daga jihar Tennessee, kotun ta buɗe 'yar ƙaramar ƙofa, inda ta yarda a yi ƙarar hukumar gidajen karkara saboda jami'inta ya ɗauki nauyin sa ido kan ginin gida ya kuma yi sakaci. To amma can batun kula da gini ne, bai taɓa hukuncin 1961 kan kimantawa ba. Har yau, duk mai neman rancen FHA ana ba shi takarda mai ɗauke da gargaɗi cewa hukumar ba ta lamunce masa kimar gidan ko lafiyar gininsa ba, ana kuma shawartarsa ya ɗauko mai duba gini na kansa.

Gwamnati ta wanke hannunta ke nan. Saura mai kimantawar, kuma matsayinsa ya sauya sosai tun daga wancan zamani. A da ma'aikacin hukuma ne, ko kuma hukumar ce ke zaɓo shi daga jerin waɗanda ta amince da su. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka bar wa bankuna zaɓin, muddin sunan mutum na cikin rajistar FHA. Yau mafi yawansu masu zaman kansu ne, mutum ɗaya da motarsa da kwamfutarsa, ko ɗan ƙaramin ofis mai mutum biyu ko uku, kuma rigar kariyar da gwamnati ke da ita ba ta rufe su ba. Ana iya kai su ƙara, sai dai a ƙarƙashin dokar jiha, shi ya sa amsar tambayar ta dogara da jihar da gidan yake.

Ƙa'idar da kotunan jihohi da yawa ke bi ita ce, ƙwararren da ya ba da bayanin da ba daidai ba saboda sakaci yana ɗaukar alhakin asarar wanda ya yi nufin ya amfana da bayanin, ko wanda ya san za a miƙa wa bayanin domin ya yi aiki da shi. Mai ƙara sai ya tabbatar da abubuwa uku: cewa mai kimantawar na da nauyin kula da haƙƙinsa, cewa ya dogara da rahoton wajen yanke shawarar saye, da kuma cewa dogaron ne ya jawo masa asara. A kan na farko kotuna suka rabu. A Kalifoniya, kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2014, a shari'ar Willemsen, cewa rahoton da aka rubuta domin banki ya auna jinginarsa bai ɗora wa marubucinsa nauyin kare mai saye ba. A 2018, a shari'ar Tindell, ta sake tafiya a kan wannan hanya, duk da cewa masu ƙarar sun ce an bayyana musu nau'in ginin gidan ba daidai ba, abin da ya hana su sauya rancensu daga baya. A Arizona kuwa, a shari'ar Sage ta 2009, wata mata ta gano daga baya cewa mai kimantawa ya ƙara wa faɗin gidanta ɗaruruwan murabba'in ƙafa, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta ce yana da nauyi a kanta, domin ya san cewa mai saye na da haƙƙin ganin rahoton, kuma yarjejeniyar cinikin ta ba ta damar fasawa idan kimar ta gaza farashin.

Shari'ar da ta fi nuna inda masu saye ke faɗuwa ita ce ta Schaaf da Highfield, wadda Kotun Ƙolin jihar Washington ta yanke a 1995. Soja ne ya sayi gida da rancen VA, rufin ya soma yoyo, ya kai ƙarar mai kimantawar bisa cewa ya kamata ya ga lalacewar rufin ya rubuta. Kotun ta ba shi gaskiya a mataki na farko, ta ce mai kimantawar VA ba shi da wata kariya ta musamman, kuma nauyinsa na iya kaiwa ga mai saye. Amma ta kori ƙarar a mataki na biyu, saboda mutumin ya san rufin ya tsufa tun kafin ya saya, kuma bai ma ga rahoton ba sai bayan cinikin ya daɗe da kammala. Wanda bai karanta takarda ba ba zai ce ita ta yaudare shi ba. Wannan matsala ta dogaro tana nan a kusan kowane ciniki, domin a tsarin Amurka mai saye yana sa hannu kan yarjejeniyar farashi tukuna, sannan banki ya aika a kimanta gidan. Lauyan mai kimantawa zai tambaye shi a gaban alƙali yadda aka yi ya dogara da rahoton da ba a rubuta ba tukuna a ranar da ya amince da farashin.

A ganina wannan hujja ba ta kai ƙarfin da ake ba ta ba, musamman a rancen gwamnati. Duk cinikin FHA da na VA dole ne ya ƙunshi sharaɗin da ke ba mai saye damar janyewa, a mayar masa da kuɗin da ya ajiye, idan kimar da aka fitar ba ta kai farashin ba. Tun 2014 kuma doka ta wajabta wa banki ya ba mai neman rance kofen rahoton da zarar an kammala shi, ko aƙalla kwana uku na aiki kafin ranar rufe ciniki. Idan gwamnati da kanta ta rataya damar fasa ciniki a kan alƙalumman mai kimantawa, da wuya a ce da gaske mai saye ba ya cikin masu dogaro da alƙalumman. Rahoton da ya kai farashin yana rufe masa ƙofar fita, ko ya karanta shi shafi-shafi ko bai karanta ba.

Takardun aikin su kansu suna tufka da warwara. Fom ɗin da aka daɗe ana cikewa a rancen gidaje, wanda kamfanonin Fannie Mae da Freddie Mac, manyan masu sayen rancen gidaje daga hannun bankuna, suka sabunta a 2005, yana da jerin shaidar da mai kimantawa ke sa wa hannu. Ta 23 tana cewa mai karɓar rance, da banki, da masu inshorar rance, da masu sayen bashin daga hannun banki, duk suna iya dogaro da rahoton. Ta 25 tana gargaɗin cewa bayanin ƙarya, na ganganci ko na sakaci, na iya jawo diyya ko hukuncin laifi. A ɗaya ɓangaren, kundin ƙa'idojin FHA da ya soma aiki a 2015 ya ce banki da hukumar su ne waɗanda aka yi rahoton dominsu, kuma amfaninsa kawai shi ne taimaka wa hukumar ta auna haɗarin jinginar. Masu kimantawa sukan ƙara nasu sakin layi a ƙarshen rahoto, su ce mai saye ba ya cikin waɗanda aka nufa, kuma rahoton ba binciken lafiyar gini ba ne. Alƙali ya buɗe fayil ɗaya ya tarar da jumla mai cewa mai saye na iya dogaro, da wata mai cewa ba dominsa aka rubuta ba, sai kowace kotu ta ɗauki wadda ta yi daidai da al'adar jiharta.

Inda aikin FHA ya fi sauran wahala shi ne an haɗa wa mutum ɗaya ayyuka biyu. Bambancin mai kimanta gida da mai duba lafiyar gini kamar bambancin dillalin shanu ne da likitan dabbobi: ɗaya ya san nawa sa zai yi a kasuwar yau, ɗaya ya san abin da ke cikin cikinsa. FHA tana son mai kimantawa ya faɗi farashi, ya kuma tabbatar cewa gidan ya cika mafi ƙarancin sharuɗɗan aminci, tsaro da ƙwarin gini. Saboda haka bayan ya ja tef ya auna bangon waje, ya zana taswirar ɗakuna, ya ɗauki hotuna, sai ya bi ɗaki-ɗaki yana kunna fitilu, ya buɗe famfo ya ga ƙarfin ruwa, ya kora ruwan bayan gida, ya kunna na'urar ɗumama ɗaki. Zai kafa tsani ya leƙa cikin sararin da ke tsakanin silin da rufi, yana haska tocila ko zai ga tabon ruwa a jikin katako, ya kuma leƙa ƙarƙashin daɓen gidan idan akwai rami. Zai duba rufin ya yanke ko yana da sauran shekara biyu a gaba. Idan an gina gidan kafin 1978, duk inda fenti ke ɓarewa sai ya rubuta a gyara, saboda fentin wancan zamani na iya ƙunsar dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Idan gidan na da rijiya da ramin masai, sai ya lura da tazarar da ke tsakaninsu. Duk wannan a ziyarar da ba ta cika wuce awa ɗaya ba, kuma ba a koya masa aikin injiniya ko na mai haɗa wuta ba. Mai saye da ya tsaya yana kallonsa a kan tsani da tocila ba shi da laifi idan ya ɗauka an duba masa lafiyar gidan.

Wannan haɗe-haɗe yana da tarihi. Dokar gidaje ta 1968 ta ƙirƙiro shirin da ya ba talakawa damar sayen gida da kafin alƙalami kaɗan da ruwa mai sauƙi. 'Yan kashe-mu-raba suka riƙa sayen ruɓaɓɓun gidaje a tsofaffin unguwannin birane irin su Detroit, su shafa musu fenti, su ba wasu ma'aikatan FHA cin hanci su ninka kimarsu, sannan su sayar wa iyalai baƙaƙen fata, da yawansu mata masu renon 'ya'ya su kaɗai. Da tukunyar ɗumama gida ta mutu ko rufi ya rufta, iyalin su bar gidan, FHA ta biya banki, HUD ta wayi gari da dubban kangaye a hannunta. A farkon 1971 sakataren ma'aikatar, George Romney, ya dakatar da ɓangaren shirin da ya shafi tsofaffin gidaje, Majalisa kuma ta riga ta yi tanadi a 1970 na biyan wasu masu saye kuɗin gyaran lahanin da ya kamata a gani tun farko. A ƙarshen shekarun 1990 irin wannan zamba ta sake ɓulla, musamman a Baltimore, sai hukumar ta ɗora wa masu kimantawa wani dogon fom na duba yanayin gida a 1999, ta kuma hana a 2003 a yi wa gida inshora idan an sake sayar da shi cikin kwana 90 da saye. Masu sayar da gidaje suka riƙa guje wa masu rancen FHA saboda yawan gyare-gyaren da ake tilasta musu, sai aka janye fom ɗin a farkon 2006, aka sassauta kan ƙananan lahani. Kowane juyi ya bar wa mai kimantawa wani ɓangare na aikin mai duba gini, ba tare da an taɓa fayyace wa ya ke bin sa bashin wannan ɓangaren ba.

Idan aka juyo ta ɓangaren gwamnati, babu wannan ruɗani ko kaɗan. HUD tana iya cire sunan mutum daga rajistarta na wani lokaci saboda rahoto marar inganci, ta tilasta masa komawa aji, ko ta miƙa shi ga hukumar lasisi ta jiharsa. Waɗannan hukumomin jihohi sun samo asali ne daga dokar 1989 da aka yi bayan durƙushewar bankunan adashi da rancen gidaje, kuma suna iya cin tara, su dakatar da lasisi ko su ƙwace shi. Ba a bukatar a nuna wani ya yi asara, saɓa wa ƙa'idojin sana'ar kaɗai ya isa. Idan abin ya wuce sakaci ya kai ga sani ko rufe ido da gangan, akwai dokar da'awar ƙarya ta 1863, wadda ke ba gwamnati damar karɓar ninki uku na asararta. Akwai kuma dokar laifi da ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 30 da tarar dala miliyan ɗaya ga wanda ya zuzuta kimar kadara da gangan domin ya ja ra'ayin FHA ko bankin da gwamnati ta yi wa inshora. Kotuna sun bambanta ra'ayi da ƙarya: masu kimantawa biyu na iya saɓawa da 'yan kashi kaɗan cikin ɗari kuma kowannensu ya yi aikinsa daidai. Wanda ake ɗaurewa shi ne wanda ya ƙirƙiro cinikin da ba a yi ba, ko ya ɗauko gidajen unguwar masu hali ya gwada da gidan da ke bakin titin jirgi, ko ya sa hoton wani gida, ko ya rantse ya shiga gidan da bai taɓa takawa ba.

Bankin ma ba ya tsira. Tun 1983 FHA ta bar wa amintattun bankuna su tantance rance su amince da shi da kansu, kuma ƙa'idar da ta fito a 2004 ta ɗora musu alhakin ingancin rahoton kimantawa tare da wanda ya rubuta shi. Hukumar na iya tilasta wa banki ya mayar mata da abin da ta biya. A 2015 ma'aikatar shari'a ta kai ƙarar kamfanin Quicken Loans, kuma cikin zarge-zargen akwai cewa ma'aikatansa na neman masu kimantawa su ɗaga alƙaluma idan kimar ta gaza. Kamfanin ya musanta, aka sasanta a 2019 a kan dala miliyan 32.5 ba tare da ya amsa laifi ba. Sai dai abin da ya faɗo kan banki yakan gangara ƙasa. Bayan da babban lauyan jihar New York, Andrew Cuomo, ya kai ƙarar wani kamfanin kimantawa a 2007 bisa zargin biye wa bankin Washington Mutual, an kafa ƙa'ida a 2009, dokar Dodd-Frank ta 2010 kuma ta ƙarfafa ta, cewa ma'aikacin da ke cin kamasho daga rance ba zai zaɓi mai kimantawa ko ya matsa masa ba. Manufar mai kyau ce, amma ta cika kasuwar da kamfanonin 'yan tsakiya masu rarraba aiki, waɗanda ke yankar kasonsu daga ladan, su ba da wa'adi gajere, kuma da yawansu su sa mai kimantawa ya sa hannu cewa shi zai biya su duk asarar da rahotonsa ya jawo. Mafi ƙanƙanta a cikin jerin shi ne ya zama matattarar alhakin kowa.

Abin da ke tsakaninsa da talauci shi ne inshorar kuskuren sana'a, wadda yawancin bankuna ke sharɗanta masa. Irin wannan inshora tana biya ne idan tana raye a ranar da aka shigar da ƙara, ba a ranar da aka yi aikin ba, saboda haka wanda ya yi ritaya ya daina biya, ko ya bari ta yanke na 'yan watanni, yana iya samun sammaci kan rahoton da ya rubuta shekara takwas da suka wuce ba shi da mai tsaya masa. Ba ta kuma biyan abin da aka tabbatar zamba ne. Ƙa'idar sana'ar ta ce ya adana fayil ɗin aiki na shekara biyar, amma a jihohin da lokacin ƙara ke fara ƙirguwa daga ranar da aka gano kuskure, ƙarar na iya zuwa bayan an ƙona fayil ɗin. Haka ya faru da yawa bayan 2008, lokacin da masu karɓar ragowar bankunan da suka rushe suka riƙa tono rahotannin shekarun tashin farashi. Wannan ne ya sa jihohi da dama suka yi dokar da ta yanke wa'adi daga ranar rahoto, kuma ina ganin adalci ne, domin kimar gida ra'ayi ne na rana ɗaya a kasuwa ɗaya.

Kuskuren rage kima shi ma yana cutarwa, ko da yake kotuna ba su cika sauraronsa ba. A 1980, a shari'ar Gay da Broder, wani tsohon soja a Kalifoniya ya ce mai kimantawar VA ya rage darajar gidan har ya rasa rancen, kotu ta ƙi, tana mai cewa idan aka bar irin wannan ƙara, masu kimantawa za su riƙa ɗaga alƙaluma don tsoro, gwamnati ta kwana a ciki. VA ta fi FHA dabara a nan. Ita ce ke raba aiki bi da bi daga jerin nata, ita ke ƙayyade lada, kuma idan mai kimantawa ya ga kimar za ta gaza farashin, dole ya sanar kafin ya rufe rahoto, a ba masu ciniki kwana biyu na aiki su kawo shaidar cinikayyar da wataƙila bai gani ba. Inda rage kima ke jawo alhaki kai tsaye shi ne idan launin fata ko addini ko asali ne dalili, domin dokar adalcin gidaje ta 1968, bayan gyaran 1988, ta ambaci kimanta gida da sunansa.

Da za a bi tawa, da an raba abin da mai kimantawa ke rubutawa kashi biyu. Abin da ake iya aunawa ko gani da ido, kamar faɗin gida, yawan ɗakuna, nau'in gini, farashin gidajen da ya kwatanta, da lahanin da ke fili a wuraren da ƙa'ida ta ce ya duba, ya kamata ya amsa shi a gaban mai saye a kowace jiha, cikin wa'adin da aka yanke, tunda mai sayen ne ya biya, kuma damarsa ta fasa ciniki a kan rahoton ta rataya. Ra'ayinsa kan kima, muddin ya bi hanya kuma ya nuna hujja, da lahanin da ke ɓoye a cikin bango ko ƙarƙashin ƙasa, bai kamata a ɗora masa ba. Wannan kashi na biyu aikin mai duba gini ne, kuma a nan giɓin yake: FHA tana ba da shawarar a ɗauko shi amma ba ta wajabta ba, kuɗinsa daga aljihun mai saye yake fita tun kafin a san ko cinikin zai faɗa, kuma mafi yawan masu rancen FHA masu sayen gidan farko ne da suka tattara ɗan abin da suke da shi suka biya kafin alƙalami. A lokacin da gidaje suka yi ƙaranci, masu sayarwa sukan fifita wanda ya yafe sharaɗin dubawa, sai mai ƙaramin ƙarfi ya yafe domin kada gidan ya kuɓuce masa, yana mai kwantar da hankalinsa da cewa ai mutumin gwamnati zai zo ya duba.